Yadda Ake Saita Fedar Obadiraib Jitarka Ta Yi Murya Maimakon Hayaniya

Ranar da na fara taka obadiraib, 'yar fedar nan da ake jonawa tsakanin jita da amfilifaya don sauti ya yi kauri da tsatsa, a gaban jama'a, wani biki ne a Rayfield da ke Jos, cikin sanyin Disamba irin wanda yatsu ke ƙin lanƙwasuwa. Fedar ta gwanjo ce, kwana uku da sayenta. Na murɗe mamurɗanta uku, Drive da Tone da Level, har ƙurya, don a lissafina abin da ka saka wa kuɗi sai ka more shi duka. Da aka zo wurin solo na taka, sai sifika ta ɗauki wani irin kuka kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani. Mai kibod ɗinmu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya waiwayo ya ce, "Ƙanena, injin markaɗe ka zo mana da shi?" Washegari na kalli bidiyon da wani ya ɗauka da waya. Ƙara kam akwai ta, amma nota ɗaya ba ka iya bi. Ganga da kibod sun haɗiye ni ɗungurungum.

Fedar nan ita ce dai har yau a ƙarƙashin ƙafata. Yadda nake murɗa ta ne ya canja, da kuma abin da nake jona ta a ciki. Kafin mu taɓa mamurɗi ko ɗaya, sai ka san abin da take yi wa sautin, in ba haka ba lalube cikin duhu za ka yi ta yi.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin

Idan tsirkiya ta girgiza a kan fikof, wato maganaɗisun nan da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, sai a sami 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka daidai da girgizar. Ba ta da yawa, galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Da za ka zana ta a takarda, tudu da kwari za ka gani suna bin juna sumul. Aikin amfilifaya shi ne ta ƙara wa tudun tsayi, kwarin kuma zurfi. To amma kowace na'ura da iyakarta. Tsofaffin amfilifayoyi masu balb, waɗannan kwalaben gilas masu kama da ƙwan fitila da ke cikin rediyon kakanni, idan aka ƙure su ba sa iya kai tudun ƙarshensa, sai su danne masa kai. Makaɗan bulus na Amurka a shekarun 1940 da 1950 suka ji wannan dannewar tana ba jita wata shaƙaƙƙiyar murya mai daɗi, suka riƙa neman ta da gangan. Sai dai ba ka samun ta sai ka ƙure amf har unguwa ta tashi. Dalilin ƙera feda ke nan, a sami wannan muryar ko da an rage ƙara. Kamfanin Boss ya fitar da OD-1 a 1977, sannan Ibanez ya kawo Tube Screamer, koriyar nan, wajen 1979. Wani injiniya ɗan Japan mai suna Susumu Tamura ne ya tsara ta a kamfanin Maxon.

Ka tuna mai auna acca a kasuwa. Ta cika mudu har ya yi tsini a sama. In ta sa tafin hannu ta ɗan danna tsinin, ya kwanta amma da sauran tudu, wannan shi ne obadiraib. In ta ɗauki katako ta share kan mudun ya zama daidai da baki, wannan distoshan ne, irin na Boss DS-1 mai ruwan lemo da ta fito a 1978. In kuwa ta share har ta kwashi na ciki, ka shiga gidan faz. Abu guda ake yi a duka ukun, ƙarfin hannu ne ya bambanta.

Me ya sa danne kan tudu ke canja murya? Saboda igiyar sauti da aka lotsa wa kai tana haifar da wasu sautuka a samanta waɗanda da babu su, ko suna nan amma a raunane. Tsirkiya ta biyar, A, tana girgiza sau 110 a daƙiƙa, wato 110 Hz. Da ka danne ta, sai 330 da 550 da 770 su ƙaru a kai. In dannewar sama ta fi ta ƙasa, ko ta ƙasa ta fi ta sama, har 220 da 440 za su shigo. Waɗannan 'ya'yan sautin su ne kunne ke ji a matsayin kauri da tsatsa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙarfen nan mai 'yan zobba da ake maƙalawa a wuyan garaya, aikinsa ke nan, ya sa wa amo 'yar ziza don ya ratsa taro.

Masu yin dannewar ƙananan abubuwa ne da ake kira diyod. Na silikon yakan fara aiki idan wuta ta kai wajen bolt 0.6, na jamaniyom wajen 0.3. A Tube Screamer guda biyu ne, ɗaya na tsaron sama ɗaya na tsaron ƙasa, an haɗa su da aisi (IC), ɗan ƙaramin guntun na'urar da ke ƙara ƙarfin, wanda a tsofaffin shi ne JRC4558. A Boss SD-1, rawayar da ta fito a 1981, uku ne, biyu a gefe guda ɗaya a ɗayan gefen, shi ya sa muryarta ta ɗan fi kaushi da buɗewa.

Akwai abu biyu kuma da feda ke yi waɗanda sabon shiga ba ya lura da su, alhali su ne rabin amfaninta. Na farko, tana matse tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai taushi. Tunda an hana kan tudu wuce iyaka, an kuma ɗaga wutsiyar notar, sai nota ta daɗe tana kuka kafin ta mutu. Na biyu, tana zaɓen inda za ta danna. Tube Screamer ba ta ƙara wa abin da ke ƙasa da kimanin 720 Hz ƙarfi sosai, sannan tana rage na can sama. Abin da ya rage shi ne tsakiya, inda muryar mutum take. Kai kaɗai a ɗaki za ka ji kamar ta rame, kamar mai magana ta hanci. A cikin taron kiɗa kuwa, inda mai bes ya mamaye ƙasa, faifan tagullar mai ganga ya mamaye sama, wannan tsakiyar ita ce kaɗai ƙofar da aka bar maka.

Fara da wuta, tun kafin sauti

Kusan duk fedojin nan bolt 9 suke ci, DC, kuma tsakiyar bakin adaftar shi ne ragi, wato (−). Duba zanen da ke jikin adaftar: alamar ragi ta nuna ɗigon tsakiya. Adaftocin da suka cika gidajenmu, na dikoda da na rauta da na wasu kibod, yawanci bolt 12 ne kuma tsakiyarsu ƙari ne, ga shi bakin yana shiga daidai kamar don ita aka yi. Na taɓa aron irin wannan a wurin rihasal a Bukuru don na manta tawa. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ƙaurin roba. Allah ya taimake ni diyod ɗin kariya kaɗai ya ƙone, mai gyaran rediyo ya canja shi. Ba kowa ke yin wannan sa'ar ba.

Obadiraib ba ta da cin wuta, batir mai kyau na bolt 9 zai kai ka bukukuwa da dama, kuma shi ya fi kowace adafta shiru, musamman ranar da ake kan janareta. Adafta mai araha takan shigo da wani siririn fito da ba ka ji sai ka taka feda. In kana raba adafta ɗaya tsakanin obadiraib da wata feda ta dijital, kamar dile mai yin amsa-kuwwa, kuma kana jin wannan fiton, raba su. Ba obadiraib batir, ka bar wa ɗayar adaftar.

Jere

Daga jita zuwa tuna, na'urar yin tunin, sai wawa mai sa jita ta ce "wa-wa" in kana da ita, sai kwamfuresa mai daidaita ƙarfin bugu, sai obadiraib, sai koros mai ninka murya, sai dile, sai ribab mai ba da amon babban zaure a ƙarshe, sannan amf. Ramin Input yana hannun dama, Output a hagu, sauti yana tafiya daga dama zuwa hagu kamar rubutun ajami. Dalilin sa dile a bayan obadiraib shi ne, amsa-kuwwa ya kamata ta riƙa raguwa tana ɓacewa. In ka sa ta gaba, obadiraib za ta ɗaga kowace amsa ta kai ta ƙarfin notar asali, su haɗu su cakuɗe.

Mataki na farko: gyara amf ba tare da feda ba

Kashe fedar. Sa bes da mid da tirebul na amf, wato mamurɗan sautin ƙasa da na tsakiya da na sama, a ƙarfe 12, ka ɗauki kowane mamurɗi kamar fuskar agogo. Kashe ribab gaba ɗaya. Ɗaga ƙara zuwa inda za ka yi wasa da gaske, ba inda kake yi da dare don kada ka tashi yara ba, domin kunne ba ya jin bes da tirebul yadda suke idan ƙara ta yi ƙasa. Saitin da ya yi zaƙi a ɗaka yakan zama wuƙa a dandali. Yanzu gyara har sautin tsurarsa ya gamsar da kai. Idan bai yi daɗi a nan ba, babu fedar da za ta cece shi. Tsirkiyar da ta yi tsatsa ta shekara a jiki, canja ta tukuna. Ka kuma yi tunin sosai, don sanyin Jos yana ja da tsirkiya, obadiraib kuwa tona asirin tunin take yi.

Mataki na biyu: daidaita Level

Mai da Drive, mamurɗin yawan dannewa, ƙasa gaba ɗaya, Tone mai kula da kaifi a ƙarfe 12, Level mai kula da ƙarar fita a ƙasa. Taka feda ta kunnu. Kana buga kod ɗaya, wato notoci da yawa a tare, kana ɗaga Level a hankali, kana kunnawa kana kashewa, har sai ƙarar ta zo ɗaya ko feda na kunne ko tana kashe. Kar ka tsallake wannan. Kunne maƙaryaci ne, duk abin da ya fi ƙara sai ya ce maka ya fi daɗi. Sai ƙarar ta zo ɗaya ne za ka ji ainihin abin da fedar ta canja. A nan ma za ka lura cewa Drive a ƙasa ba ya nufin babu komai. Tube Screamer ko a mafi ƙarancinta tana ninka sautin kusan sau 12 kafin ya isa ga diyod, a ƙurya kuwa ya haura sau 100.

Mataki na uku: Drive, inda kowa ke ɓata

A nan zan daɗe, don a nan na sha kunya.

Zaɓi nota ɗaya a tsakiyar wuya, a ce tsirkiya ta uku, gaɓa ta bakwai. Buga ta a hankali kamar kana shafa ta. Sake buga ta da ƙarfi. Ɗaga Drive kaɗan, ka maimaita. Abin da kake nema shi ne wurin da bugu mai taushi zai fito kusan tas, mai ƙarfi kuma ya fashe ya yi tsatsa. Wurin nan ba shi da faɗi. A yawancin fedoji da na taɓa, yana tsakanin ƙarfe 9 da ƙarfe 11. In ka wuce shi, za ka ga taushi da ƙarfi sun zama abu ɗaya, hannunka na dama ya rasa bakin magana. Daga nan feda ce ke kiɗa, kai ɗan rakiya ne.

Irin fikof ɗinka yana matsar da wurin. Hambaka, mai layi biyu irin na Les Paul, ya fi fitar da wuta, don haka zai fashe da wuri, sai ka rage Drive. Mai layi ɗaya irin na Stratocaster yana buƙatar a ɗan ƙara masa. Shi ya sa kwafar saitin wani daga YouTube ba ya cika yin aiki: jitarsa daban, hannunsa daban.

Da ka samu, gwada shi da kod cikakke, tsirkiya shida. Saurara ko kana iya rarrabe notocin. In sun dame sun zama kunu, koma baya kaɗan. Ga dalilin damewar. Idan notoci biyu suka shiga dannewa tare, suna haifar da wasu sababbi, na jimillarsu da na bambancinsu. Ɗauki A mai 110 da E mai kusan 165. Bambancinsu 55, wanda shi ma A ne a can ƙasa, don haka ƙara musu kauri yake yi. Wannan ne sirrin kod mai tsirkiya biyu da 'yan rok ke ji da shi. Amma sa nota ta uku ta kod a ciki, ko ka buga kod masu ado irin na gosfel masu bakwai da tara, sai bambance-bambancen su faɗo a wuraren da ba su da dangantaka da waƙar, ka ji wani gurnani a ƙasa. Mu da yawancin wasanmu hailaif ne da makosa da waƙoƙin yabo, inda ake tafiya da tsirkiya biyu-biyu a sama, wannan ya fi shafarmu. Drive kaɗan muke buƙata, ƙasa da abin da zuciya ke so. Saurari Bombino na Agadas da kunnen basira. Akwai ƙura a muryar jitarsa, amma duk saurin yatsunsa kana iya ƙirga notocin.

Duk lokacin da ka taɓa Drive, koma ka sake duba Level, don ɗaya na jan ɗaya.

Mataki na huɗu: Tone

Wannan ba a saita shi kai kaɗai. Bar shi a ƙarfe 12 har sai sauran sun fara. In kana jin kanka kamar daga bayan labule, ɗaga shi kaɗan. In mawaƙiya ta fara yamutsa fuska duk lokacin da ka hau sama, rage. Ka kuma tsaya inda sifikar amf ke kallo ka saurara. Sauti mai kaifi miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. In amf na ƙasa yana kallon ƙwaurinka, kai za ka ji shi a dushe ka yi ta ƙara Tone, alhali mutanen layin gaba suna shan azaba. Ɗora shi a kujera, ko ka jingina shi ya kalli kanka.

Mataki na biyar: yanke shawarar aikin da za ta yi maka

Hanya biyu ce. Ta farko, amf yana tas, feda ce ke kawo tsatsar. Wannan shi ne abin da muka saita a sama, kuma shi ya dace da amf mai taransisto, wanda shi ne a hannun yawancinmu. Don solo, ɗaga Level ya ɗan haura ƙarar tsura, kaɗan dai, yadda za ka leƙo ba tare da mai miksa ya zabura ya rage ka ba.

Ta biyu sai mai amf na balb. Ka ɗaga amf har ya fara fashewa da kansa, ka sa Drive kusan ƙasa, Level kuwa sama sosai, ƙarfe 3 ko fiye. A nan feda turawa kawai take yi, balb ne ke dannewa, ita kuma ta rage bes don kada ya yi laushi, ta turo tsakiya gaba. Haka aka san Stevie Ray Vaughan yana amfani da Tube Screamer da amfilifayoyinsa na Fender. Kar ka gwada wannan da ƙaramin amf na taransisto kana sa ran abu ɗaya. Ko dai ƙara ce kawai za ta ƙaru, ko ƙofar shigarsa ta shaƙe ya yi wani ƙatsa-ƙatsa marar daɗi.

Mataki na shida: koma hannunka

Mamurɗin ƙara da ke jikin jitar shi ne Drive na biyu, kuma ya fi kusa da kai. Bar feda a kunne, ka sauke shi daga 10 zuwa 7. Wutar da ke isa diyod ta ragu, sauti ya wanke, ƙara kuwa ba ta faɗi sosai ba. Da yawa daga cikin tsofaffin hannu haka suke yi duk dare: 6 ko 7 a baiti, 10 a solo, ƙafa ba ta ko motsa ba. Fikof na wuya yana ba da murya mai kauri da zagaye, ta dace da solo mai ja. Na gindi yana cizo, ya dace da kod gajeru.

Sai kashe tsirkiya. Duk wadda ba ka bugawa dole wani abu ya taɓa ta. Gefen tafin hannun dama ya kwanta a kan masu kauri, cikin yatsan manuni na hagu ya shafi sirara. A sauti tsura kana iya sakaci ba a gane ba. Da obadiraib, tsirkiyar da ka bari a sake za ta yi ta gunaguni a bayanka. Wani yaro da nake koya wa ya taɓa ce mini, "Oga, fedar nan ta lalace, tana ƙara ko ban buga ba." Na karɓi jitar na ɗora hannu a kan tsirkiyoyin, ɗakin ya yi tsit. Ya yi dariya ya karɓi abarsa.

Idan babu amf, miksa kai tsaye

Wannan shi ne halin da ake ciki a majami'u da wuraren biki da yawa a garin nan, kuma shi ne rabin abin da ya kashe ni a Rayfield. Sifikar amf ɗin jita ba ta iya fitar da abin da ya haura kimanin 5,000 Hz sosai. Wannan gazawar alheri ce, don tana tace 'ya'yan sautin can sama da dannewa ke haifarwa, masu kama da tsuwwar mai a kasko. Manyan sifikun taro kuwa suna da ƙaho a sama wanda ke fitar da komai. Amf ɗin kibod ma haka yake. Ka jona obadiraib kai tsaye, sai zuman nan na gwangwani.

Magani uku ne, daga mafi kyau. In akwai amf ɗin jita ko ƙarami ne, yi amfani da shi, a sa masa makirfo irin Shure SM57 dab da raga, ba a tsakiyar sifika cif ba, a ɗan matsa gefe inda kaifin ya ragu. In babu, nemi 'yar na'ura mai kwaikwayon akwatin sifika ka sa ta a ƙarshen jere kafin miksa. In ita ma babu, je wurin mai miksa da ladabi tun kafin a fara, ka roƙe shi ya rage maka tirebul sosai a layinka, ya danna maɓallin yanke ƙasa, kai kuma ka sauke Tone zuwa ƙarfe 9 ko 10 ka ƙara rage Drive. Ba zai zama kamar amf ba, amma za a iya saurare.

Wani ƙaramin amfani a nan: fedojin Boss da Tube Screamer suna da bafa a ciki, wani sashe mai hana sautin jita raunana, mai aiki ko feda tana kashe muddin akwai wuta. Jita tana son ƙofar shiga mai juriya wajen om miliyan ɗaya, layin miksa kuwa bai kusa da haka ba, shi ya sa jita tsura a miksa take dushewa. Bafar tana gyara wannan, tana kuma taimakawa idan kebur ɗinka dogo ne.

Masu Zoom ko Boss GT-1 da ire-irensu, na'urorin da suka haɗa fedoji da yawa a akwati ɗaya, duk abin da na faɗa ya shafe ku. Saitin da suka zo da shi daga kamfani an cika masa Drive da ribab don ya burge mai gwadawa a shago. Buɗe fanko ka gina naka: obadiraib, sai amf mai tsabta, sai akwatin sifika. In miksa za ka, bar akwatin a kunne. In amf ɗin jita na gaske za ka, kashe shi, kar a tace ka sau biyu.

Gurnani da fito

Feda ba ta san bambancin nota da datti ba, duk abin da ya shigo ninka shi take yi. Wutar ƙasar nan 50 Hz ce, kuma fikof mai layi ɗaya yana tsince ta daga iska, daga taransifoma, daga fitilun ado. Juya jikinka a hankali da jitar, za ka sami kusurwar da gurnanin ya ragu. A yawancin jitoci masu fikof uku na zamani, matsayi na 2 da na 4 na makunnin zaɓen fikof suna kashe shi. Cire waya daga aljihun gaba. Gwada wani kebur, don sau da yawa shi ne ɓarawon. In sifika ta fara fito mai tsawo, ka yi kusa da ita da yawa ko Drive ya yi yawa.

In kuwa ka taɓa tsirkiya ka ji tana ɗan jan ka, ko leɓenka ya taɓa makirfo ka ji tsiit, ajiye jitar. Wannan ba maganar sauti ba ce, wayar ƙasa ce babu a wurin ko wata na'ura na zubar da wuta. A kira mai gyaran wuta. Kuma kar ka yarda wani ya karya ƙafa ta uku ta fulogin amf wai don gurnani ya tafi.

In za ka saya

Ba sai ka kashe kuɗin haya ba. Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya fara ƙerawa da hannu a 1994, yanzu dubban daloli ake sayar da ta hannu, kuma ba wanda zai gane ta a biki ana tsaka da liƙi. Joyo da Behringer da Mooer suna yin kwafin Tube Screamer masu araha da ke aikin. Ni ra'ayina, mai jita mai layi ɗaya da ke wasa cikin taro mai kibod biyu ya nemi irin koriyar ko SD-1. Wanda shi kaɗai ne ke riƙe da kod, yana son bes ɗinsa ya zauna, Boss BD-2 shuɗiyar da ta fito a 1995 za ta fi masa, don ba ta rage ƙasa kamar su.

Ta gwanjo kuwa, kar ka biya sai an jona. Murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe kana saurare. Ƙarar ƙasa-ƙasa yawanci ƙurar hunturu ce, feshin wanke na'ura yana maganinta, ban da man inji. Girgiza kan kebur a cikin ramukan biyu ka ji ko sauti na yankewa. Taka ta sau goma a jere, kowane taku ya kama. Buɗe gidan batir ka duba ko tsohon batir ya zubar ya ci wayoyin.

Da ka sami saitin da ya zauna, manna farar salatif a gefen kowane mamurɗi ka ja layi da biro, don a cikin jaka suna juyawa, yara ma suna son murɗa su. Layin mafari ne kawai. Zauren da kuka gwada sauti yana fanko da ƙarfe biyu, idan ya cika da manyan riguna da gwaggwaro da ƙarfe biyar zai shanye kaifin, sai ka sunkuya tsakanin waƙa da waƙa ka ɗan ɗaga Tone. In an tashi kuma, zare kebur daga ramin Input kafin ka naɗe kaya. Muddin yana ciki batir na ci ko fitilar feda a kashe take, ranar Asabar mai zuwa sai ka tarar da shi ya mutu.